Yadda Gordon Ya Haifa wa Surukinsa 'Ya'ya Goma Sha Biyu

Duk wanda ya zauna a arewacin birnin Toledo ya san gidan burodin Kubiak, kuma duk wanda ya san gidan burodin Kubiak ya san Gordon Tibbs, ko yana so ko ba ya so. Ba sai ka neme shi ba. Ka shiga sayen burodin dala uku, kafin a miƙo maka canji ya riga ya gaya maka abin da ke damun motarka, da dalilin da ya sa gwiwarka ke ciwo, da yadda zai gyara ƙasar nan cikin mako biyu in da za a matsa masa gefe.

Gordon ya taɓa sayar da katifu, ya taɓa buɗe wurin wanke karnuka, ya yi dillancin gidaje wata huɗu bai sayar da ko ɗakin ajiye shebur ba. Abu ɗaya ya taɓa yi ya yi kyau, shi ne auren Renee, 'yar Tsoho Leonard Kubiak tilo, shekara goma sha ɗaya ke nan. Tun daga lokacin yake yawo a shagon da muƙamin da ya naɗa wa kansa, wai mai kula da ci gaban kamfani. Ci gaban nan kuwa bai wuce ɗaukar faranti daga nan zuwa can ba, da ɗanɗana abin da bai huce ba.

Abin da zuciyarsa ke so shi ne kujerar ofis. Ofishin wani ɗan ɗaki ne a bayan shago mai ƙanshin yis da kofi, kujerar kuma ta Opal Renner ce, wadda ta shekara talatin da ɗaya tana biyan ma'aikata albashi ba a taɓa samun ta da kuskuren senti ɗaya ba. Opal ta ce za ta yi ritaya a ƙarshen shekara. Saura mako biyu shekarar ta fita, santsin ƙanƙara ya kwashe ta a bakin coci, ƙashin ƙugunta ya karye.

Ranar Litinin aka taru a ofis, aka kira ta daga asibiti, aka buɗe muryar wayar.

"Leonard, kana jina?" in ji Opal. "Albashin Juma'a shi ne na ƙarshe a bana. Dole a ɗora kuɗin inshorar lafiya na masu kamfani a kai, a cire haraji, kafin shekara ta rufe."

Tsoho Leonard ya kara hannu a kunne. "Me ta ce?"

"Ta ce gwamnati na son nata," in ji matarsa Dolores, wadda maganarta ba ta buƙatar a maimaita.

Abin ba wani boyayye ba ne ga mai ƙaramin kamfani irin na Kubiak. In kamfani ya biya wa ma'aikaci inshorar lafiya, gwamnati ba ta duban kuɗin. In kuwa wanda aka biya wa yana da fiye da kashi biyu cikin ɗari na kamfanin, to kuɗin inshorar nan albashi ne a idonta, sai a rubuta a takardarsa a cire haraji. Daga baya, in ya zo cike takardunsa na shekara, yana iya neman rangwame. Opal takan yi wannan aikin cikin minti ashirin tana shan kofi.

Gordon ya yi gyaran murya. "Baba, wannan ai wasan yara ne. Akwai manhajar biyan albashi, ka danna nan, ka danna can, ta gama. Ni da ido rufe zan yi."

"Ai da ido rufe kake yin komai," in ji Dolores.

"Mama, zamani ya canza. Takarda da biro sun mutu, saura a binne su."

Leonard ya dube shi ya daɗe. Shekarunsa saba'in da huɗu, ga odar Kirsimeti ta taru masa har wuya, ba shi da ƙarfin musu. "To ji nan. In albashin Juma'a ya fita daidai, kujerar nan taka ce daga watan Janairu."

"In ya ɓata fa?" in ji Dolores.

"In ya ɓata, ga bahon wanke faranti can, wata biyu babu mai tsayawa a kansa."

"Na yarda!" in ji Gordon, har yana buga tebur.

Muryar Opal ta sake fitowa. "Gordon, saurara da kyau. Wajen maganar iyali, ba kowa doka ta..."

"Anti Opal, ki huta, ki sha maganinki. Ƙugu ba ya son tunani." Ya katse wayar.

Talata da safe ya sayi manhaja da katin kamfani, ya sayi allon kwamfuta na biyu domin, a cewarsa, ƙwaƙwalwarsa ta fi ƙarfin allo ɗaya. Ya manna takarda a ƙofa: KADA A DAME NI. Bernadette, mai tsaron kantar sayar da burodi, mace mai shekara sittin da shida da harshe kamar reza, ta turo ƙofar da ƙafa ta ajiye masa kofi.

"Ba ki ga takarda ba?"

"Na gani. Na ce bari in ga abin da za a dama."

"Bernadette, abin da nake yi a nan, ko shekara za ki yi ba za ki gane ba."

"Kai ma haka, ɗan nan. Amma ni na san ban gane ba."

Da ya shigar da sunaye, manhajar ta fito masa da wani ɗan akwati a gefen kowane suna, da tambaya: mai kamfani ne, ko iyalin mai kamfani? A ƙasa akwai bayani shafi biyu. Gordon ya karanta layi uku, idonsa ya faɗa kan kalmar rangwame, ya tsaya nan. Rangwame! Ashe masu kamfani da iyalansu rangwame suke samu, Opal ta zauna a kan wannan sirrin shekara talatin da ɗaya kamar kaza a kan ƙwai! Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki.

Ya fara da sunan kansa, ya danna akwatin da ƙarfi, ya jingina ya kalle shi. Gordon Tibbs, iyalin mai kamfani. Ya danna na Renee, ya danna na Dolores. Sai ya ɗaga kai ya ga allon da ke rataye a bango tun kafin a haifi Renee, rubutun da ke jikin motar kai kaya, da jikin kowace jakar burodi, maganar da Leonard ke faɗa a kowane bikin Kirsimeti in ya sha kofi biyu na abin da ba kofi ba: A NAN DUKANMU IYALI ƊAYA NE.

"Mai kamfani da bakinsa ya faɗa," in ji Gordon. "Har ya rubuta. Wane ne ni da zan hana talakawa rangwame?"

Ya bi ma'aikata goma sha biyu ɗaya bayan ɗaya yana dannawa. Manhajar ta tambayi nawa kamfani ya biya wa kowannensu na inshora a bana. Ya buɗe durowar Opal, ya ɗauko fayil, ya kwafe jimlar shekara guda cur, ya ɗora wa kowa a kan albashin mako ɗaya.

Laraba ce ranar da ake tura wa banki. Da ya zo turawa, allo ya cika da jan rubutu, layi goma sha biyar. Gordon ya ce ado ne na Kirsimeti. Manhajar ta tambaye shi ko ya tabbata.

"Ji min na'ura da rashin kunya."

Ta sake tambaya. Ya sake dannawa. Ta tambaya karo na uku, ya danna da yatsa biyu, ta haƙura.

Da a nan ya tsaya, da ɓarnar ta jira Juma'a. Amma alheri in ba a yi shelarsa ba, a wurin Gordon asara ne. Ya ɗauko takardar nan mai kauri da ake rubuta wa masu odar kek ɗin biki, ya buga wa kowane ma'aikaci wasiƙa: kamfanin Kubiak na tabbatar da cewa mai wannan suna yana cikin iyalin Leonard Kubiak a idon doka. Ya sami hatimin sa hannun Leonard a durowar Opal, ya bi su yana bugawa. Ya zaga yana rabawa kamar mai raba goron ɗaurin aure.

Hector Salas, babban mai gasa burodi, ya goge hannu ya karanta sau biyu. "Gordon, wannan da gaske ne?"

"Ga hatimi kana gani."

"To in ni iyali ne, me ya sa nake zuwa ƙarfe huɗu na asuba, Renee tana zuwa tara?"

"Wannan sai ku daidaita a cikin gida."

Bernadette ta ɗaga tata sama ta duba ta a haske. "Nawa ne kasona? In gini za a raba, ni gefen taga nake so."

Curtis Mabry, direban motar kai kaya, shi bai yi dariya ba. Shekararsa arba'in da huɗu, bai taɓa sanin ubansa ba, uwarsa Wanda kuma ta taɓa aiki a kantar Kubiak tana budurwa. Ya karanta wasiƙar, ya je gaban madubin mota ya dubi hancinsa ta dama, ya dube shi ta hagu. Hanci ne babba. Na Leonard ma babba ne. Biri ya yi kama da mutum.

Alhamis da safe Leonard na tsaye yana duba odar ranar, sai ya ji an rungume shi ta baya har ƙafafunsa sun bar ƙasa.

"Baba," in ji Curtis. "Shekara ashirin ina kai maka burodi. Me ya sa ba ka taɓa faɗa mini ba?"

Leonard ya ji Baba, ya ji burodi, sauran ya wuce ta saman kunnensa. Ya ɗauka zumuɗin Kirsimeti ne. Ya bubbuga masa kafaɗa. "Haba Curtis, ai kai ɗana ne, kowa ya sani."

"Kowa ya sani?"

"Tun da daɗewa. Je ka, kada burodin gidan tsofaffi ya huce."

Bernadette na tsaye da tawul a hannu. Kafin ƙarfe goma, duk wanda ya sayi ko da biskit ɗaya ya tafi da labarin a jakarsa kyauta. Kafin sha ɗaya labarin ya isa wurin gyaran gashi, inda Dolores ke zaune kanta cikin injin busarwa. Wata ta ce mata sannu da haƙuri. Wata ta ce ita dai tun da can ta lura da hancin.

Dolores ta shigo shago da robobin naɗe gashi a ka, riƙe da wasiƙar Curtis da ta fizge daga hannunsa a bakin ƙofa.

"Leonard Kubiak! Hannun wane ne wannan?"

Ya sa tabarau. "Nawa ne. Amma ban..."

"Wanda! Wanda mai jan baki! Shi ya sa ta bar aiki da bazara ba sallama!"

"Wace Wanda?"

Bernadette ta miƙo tata wasiƙar ta saman kanta. Hector ya leƙo da tasa. Su Marisol masu naɗe burodi suka fito da nasu. Dolores ta tattara ta ƙirga, ta sake ƙirgawa.

"Goma sha biyu, Leonard! Har da Hector!"

"Hector daga Texas ya zo, mace!"

"Ka je Texas taron masu burodi! Ka ce kwana uku, ka yi mako guda!"

"To Bernadette fa? Shekara takwas na ba ta!"

"Kai ai da wuri ka fara!"

Aka ƙwala wa Gordon kira. Ya fito daga ofis ya ga idon Dolores, ya ga wasiƙu, ya gane inda aka kwana. Nan ne wurin da mai hankali zai ce ni na danna, a yi dariya a watse. Amma in ya faɗi haka, kujera ta tafi. Ya gyara wuyan riga.

"Mama, ni ban ce komai ba. Manhajar ce. A haɗe take da kwamfutocin gwamnati, abin da ta gani shi ta fitar. Ni bugawa kawai na yi."

"Ka ji ko?" in ji Dolores. "Gwamnati ma ta sani, ni ce kawai jaka!"

"Me ya ce?" in ji Leonard.

"Ya ce ka nemi inda za ka ci abincin Kirsimeti!"

Ana cikin haka Fada Raymond ya shigo karɓar odarsa. Ya karɓa, ya biya, ya dafa hannun Leonard a hankali. "Ranar Asabar ina sauraron masu furta zunubi daga ƙarfe uku. Kai ka zo ƙarfe ɗaya, na ware maka lokaci."

Renee ta ja mijinta zuwa ɗakin ajiye fulawa ta rufe ƙofa. Ita ba ta da hayaniya, abin da ya sa ya fi jin tsoronta ke nan.

"Gordon, me ka taɓa?"

"Ni? Alheri na shuka. Ki jira gobe, in kuɗi ya shiga, mutanen nan a kafaɗa za su ɗauke ni."

"Babana bai ci abincin rana ba. Mamata na neman lambar lauya."

"Duk babban aiki sai ya ta da ƙura, masoyiya."

Ta dube shi irin kallon da ake yi wa madarar da ta fara tsami. Ta ɗauki makullin mota ta fita.

Juma'a kafin Kirsimeti ita ce babbar ranar gidan Kubiak. Layin masu karɓar naɗaɗɗen burodin biki ya fita ƙofa, ya bi gefen titi cikin sanyi har kwanar kantin magani. A bana layin ya ninka, don rabinsu ba burodi ya kawo su ba, hanci suka zo dubawa. Gordon ya sa kwat, ya ɗaura laƙtaya a wuya, ya tsaya kusa da kanta yana duba agogo. Bankin unguwarmu ƙarfe tara yake sakin albashi.

Tara ta buga, wayoyi suka fara ƙara a aljihu.

Bernadette ta ciro tata, ta nesanta ta da ido, ta kusanto da ita. "Dala shida," in ji ta. "Da senti goma sha biyu."

"Wannan rangwamen ne kawai," in ji Gordon. "Duba ƙasa."

"Ƙasa babu komai sai sunan banki."

Abin da ya faru a fili yake. An ɗora wa kowa kuɗin inshorar shekara guda a kan albashin mako ɗaya, manhajar ta ga talakawa sun zama attajirai dare ɗaya, ta yanka musu harajin attajirai. Harajin ya cinye albashin, ya cinye goron Kirsimetin da Leonard ke ƙara wa kowa, ya lashe kwano.

Ƙofar bayan shago ta buɗe da ƙarfi. Hector ya fito riƙe da dogon katakon da yake fitar da burodi daga tanda, fuskarsa fara fat da fulawa. "Sifiri!" in ji shi. "Shekara goma sha tara a bakin wuta, sifiri! 'Ya'ya huɗu gare ni!"

"Kai ka ji daɗi," in ji Curtis, yana shigowa daga mota. "Ni sifiri ne, kuma an rubuta wai saura dala ɗari biyu za a cire a albashi na gaba."

Ya ciro wasiƙarsa, wadda ya karɓo daga hannun Dolores ya sa wa leda don kada ta ɓaci, ya dangwara ta a gaban Leonard.

"Maigida, karɓi kayanka. Jiya na je wurin uwata, ta ce ubana wani mai busa ƙaho ne daga Detroit, har hoto ta nuna mini. Na ƙi yarda saboda hatimi. Yanzu na yarda. Hancinsa ma ya fi naka."

"Ni ma na fita daga gidan nan," in ji Bernadette. "Ubana sunansa Floyd, yana maƙabartar Calvary, kowa na iya zuwa ya tambaye shi."

"Iyali!" in ji Marisol. "In haka ake yi wa iyali, gara baƙunta!"

Gordon ya ga ruwa na neman ƙare wa ɗan kada. Ya jawo akwatin madara ya hau, ya ɗaga hannu biyu.

"Jama'a, ku natsu! Wannan shi ake kira dabarar haraji. Kuɗinku bai ɓata ba, ajiya ce a wurin gwamnati. In kun cike takardunku, watan Afrilu zai dawo muku cif."

"Afrilu?" in ji Hector. "In gaya wa 'ya'yana an ɗaga Kirsimeti zuwa Afrilu?"

"Ai yara su koyi haƙuri, shi ne babban..."

Wani tsoho daga cikin layi ya ɗaga murya. "Ba kai ne ka sayar mini da katifar da ta lotsa cikin wata ɗaya ba?"

"Wannan wata maganar ce daban, yallaɓai."

"Shi ne! Shi ya aske mini kare har ya kamu da mura!" in ji wata.

Duk wannan hayaniya Leonard yana tsaye yana juya kai, bai kama komai ba sai cewa ana maganar waya. Ya laluba aljihu ya ciro tasa, ya duba, ya ɗaga ta sama da zuciya ɗaya.

"Me ya faru ne wai? Ni dai nawa ya shigo daidai. Ko senti ba a taɓa ba."

Hector ya sauke katakon a hankali, ya sake riƙe shi da hannu biyu.

Daidai nan mutanen bakin ƙofa suka dare. Renee ce ke turo keken marasa lafiya, Opal a ciki, bargon asibiti a cinyarta, tabarau a kan hanci, jakarta a rungume.

"Ku ba ni takardun," in ji Opal. "Gordon, sauko daga kan akwatin mutane."

Renee ta shiga ofis ta bugo lissafin albashin. Opal ta bi shi da yatsa, kowa na kallon yatsan. Ta kai ƙasa, ta koma sama.

"Ban da ni da ke jinya, mutum goma sha shida ke karɓar albashi a gidan nan. Ka danna wa goma sha biyar. Ɗaya ka bari."

"Wa ya bari?" in ji Dolores.

"Leonard. Mutumin da kamfanin yake nasa ɗari bisa ɗari. Shi da aka yi dokar dominsa, shi kaɗai ya tsira."

Gordon ya gyara laƙtaya. "Ai kowa ya san Baba ne mai kamfani. Sunansa na kan ƙofa. Sai an gaya wa kwamfuta?"

Dariya ta fashe daga kanta, ta bi layi ta fita titi, har waɗanda ke kwanar kantin magani suna dariya suna tambayar me aka ce.

"Dakata," in ji Dolores. Ta matso. "Ka danna? Da yatsanka? Ba gwamnati ce ta gano ba?"

"To, a wani fannin, Mama, ni da manhajar muka..."

"Wace gwamnati?" in ji Opal. "Akwati ne, Dolores. Ko sunan karenku ya sa ya danna, zai zama ɗan Leonard."

Dolores ta juya ta dubi mijinta. Ta miƙa hannu ta kakkaɓe masa fulawa daga kafaɗa da ƙarfin da ya wuce buƙata. "Amma dai maganar Texas ba ta mutu ba," in ji ta.

Hector ya tambayi abin da ke cin kowa. Opal ta ce gyara zai yiwu, amma banki ba zai juya komai ba sai bayan biki. Leonard, da aka ƙwala masa bayanin a kunne, bai yi dogon tunani ba. Ya ce duk cinikin yau a ajiye shi gefe, kafin a rufe shago kowa zai karɓi albashinsa da goronsa a hannu, in bai isa ba shi zai je banki da ƙafarsa. Ya faɗa yana kallon Gordon, kamar mai auna fulawar da ɓera ya shiga.

Gordon ya ga kujera na tafiya, ya kai hannu ya kamo abin da ya saura.

"To amma a yi adalci, Anti Opal. Ba duka na ɓata ba. Na Mama daidai ne."

"Daidai ne. Matar mai kamfani tana ciki."

"Na Renee daidai ne."

"Daidai. 'Ya tana ciki."

Ya buga ƙirji ya juya ga jama'a. "Nawa ma daidai ne. Uku ke nan, ga wanda bai taɓa yin aikin ba."

"Naka ba daidai ba ne."

"Kamar yaya? Ni mijin 'yarsa ne!"

Opal ta leƙo shi ta saman tabarau. "Abin da nake son gaya maka ke nan ranar Litinin ka kashe mini waya. Doka ta ƙirga mata ko miji, ta ƙirga 'ya'ya, da jikoki, da iyaye. Suruki ba ya ciki. A wurinta kai da Curtis duk ɗaya ne, ma'aikata."

"A'a, a daina haɗa ni da shi," in ji Curtis. "Ni ina aiki."

Dolores ta dafa keken Opal. Fuskarta ta saki, irin sakin da ba a gani ba tun ranar bikin Renee.

"Sake faɗa, Opal. Da ƙarfi, Leonard ya ji."

"Suruki ba ya cikin iyali!"

"Shekara goma sha ɗaya ina faɗa," in ji Dolores, ta ɗaga ido sama, "sai yau gwamnati ta yarda da ni."

Leonard wannan kam ya ji. Ya miƙa hannu bayan ƙofa ya ciro rigar roba ta masu wanke-wanke, ya rataya ta a wuyan Gordon a kan kwat da laƙtaya. Opal ta ce a tura ta ofis, a kawo mata kofi, maganar ritaya kuma a bar ta tukuna, tunda ta ga abin da ke jiran kujerar.

Gordon ya tsaya gaban baho. Faranti sun taru tun asuba, tsibi har ƙirjinsa. Ya naɗe hannun kwat, ya dubi famfo, ya dubi Hector.

"Yanzu kai da hannu ake wanke duk wannan? Akwai wata dabara da na sani, in aka juya bututun nan..."

Hector ya ɗora masa wasu faranti ashirin a kai, ya jingina katakonsa a bango inda Gordon zai riƙa ganinsa.

"Wanke, ɗan baƙo," in ji shi.